Faifan Danger na 1976: tagwaye biyu sun ba da shaida, mu kuma mun kasa ajiye ta

Jama'a, yau ba maganar farashin mai ko albashi zan yi kai tsaye ba, duk da cewa in kun yi haƙuri kuka karanta zuwa ƙarshe za ku ga can ɗin dai muka dosa. Maganar wani tsohon faifan waƙa zan yi, mai suna Danger, wanda wasu mata biyu 'yan Najeriya suka fitar a Legas a 1976. Sunansu Taiwo da Kehinde Lijadu, duniya ta san su da Lijadu Sisters. Tagwaye ne, an haife su a 1948, sun tashi a Ibadan. A wajen Yarbawa, Taiwo da Kehinde sunayen tagwaye ne, kamar dai yadda mu za mu ce Hassana da Usaina.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wannan faifai shaida ce a kan yadda ƙasar nan ta kasance lokacin da kuɗin mai ya fara zubo mata, kuma abin kunya ne a ce mutanen wata ƙasa ne suka riƙe mana wannan shaida har ta kawo yau. In ba mu gyara ba, abin da ya sami faifan Lijadu shi ne ke jiran waƙoƙin iyayenmu mata na nan Arewa, kuma su ba lallai su sami wanda zai tsince su ba.

Bari in fara da kiɗan kansa, saboda waɗanda ba su saba da shi ba. Fank salon kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, wanda James Brown ya fi kowa fito da shi a shekarun 1960. Ƙarfinsa na cikin ganga da jita mai kaurin murya. Makaɗa sukan kama zango ɗaya gajere su yi ta maimaita shi, kowa na sa nasa ɗan bugun a gurbinsa, har jikin mai sauraro ya fara motsi bai sani ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu kalangu ko matan amada ya san wannan dabara, domin tushenta daga nahiyar nan ya tafi. Saboda haka da kiɗan ya dawo Afirka ta Yamma, bai zo a matsayin baƙo ba. Geraldo Pino ɗan Saliyo ya riga ya girgiza Legas da irin salon Amurkawan, shi kansa James Brown ya zo Najeriya a ƙarshen 1970 ya yi wasa. Samarin Legas suka ɗauka suka gauraya da nasu. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Fela Kuti, wanda ɗan uwa ne ga su Taiwo da Kehinde.

To a cikin wannan fage da maza suka cika shi maƙil ne tagwayen suka kutsa. Sun fara naɗar waƙa tun ƙarshen shekarun 1960. A 1972 sun bi ƙungiyar Salt ta Ginger Baker, mashahurin makaɗin gangar nan na Ingila, har suka yi wasa a Munich ta Jamus lokacin wasannin Olamfik. Daga 1976 zuwa 1979 suka fitar da faifai huɗu a jere a ƙarƙashin Afrodisia, wani reshe na kamfanin Decca: Danger, sai Mother Africa, sai Sunshine, sai Horizon Unlimited. Wanda ya tsaya musu wajen tsara kiɗan shi ne Biddy Wright, mutumin da ya iya kayan kiɗa iri-iri, kuma hannunsa ne ake ji a kan jitar da ke kuka a Danger.

Waƙa shida ce kacal a faifan. Abin da ya fara kama kunne shi ne muryoyin. Ba irin tsarin nan ba ne na jagora ta bayar 'yan amshi su karɓa. Su biyun tare suke tafiya, murya kan murya, kusan ba ka iya raba ta Taiwo da ta Kehinde. Kiɗan a ƙasa yana da nauyi da zafi, su kuma a sama suna rerawa a natse, kamar masu ba ka mummunan labari cikin ladabi. Wannan natsuwar ce ke sa maganar ta fi shiga jiki. Fela yakan yi tsawa ya kama suna. Su kuwa sukan faɗa maka a hankali, sai bayan waƙar ta ƙare ka gane ashe mari ka sha.

Me suke faɗa? Akwai Amebo, kalmar da 'yan Legas ke kiran magulmaci da ita. Akwai Life's Gone Down Low, wadda sunanta kaɗai ya isa bayani: rayuwa ta yi ƙasa. Akwai Cashing In, inda suka fuskanci manyan da ke cika aljihu da dukiyar jama'a. Sai Lord Have Mercy da ta rufe faifan, kuka ne a kan talauci a tsakiyar arziki. Ita kanta waƙar Danger, gargaɗi ce tun daga sunanta.

Yanzu ku ɗora waɗannan sunaye a kan shekarar da suka fito. Daga 1973 zuwa 1974 farashin ɗanyen mai a duniya ya ninka kusan sau huɗu. Kuɗi suka shigo Najeriya irin waɗanda ba a taɓa gani ba. Aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suka karɓi ariyas, kasuwa ta ji ƙamshi, farashin komai ya tashi, wanda ba ya ɗaukar albashi ya shiga uku. Mu da muke aikin gwamnati yau mun san wannan zagayen, domin har gobe shi muke yi: a ƙara albashi da safe, kafin la'asar mudun shinkafa ya cinye ƙarin. A 1975 aka yi badaƙalar siminti, inda aka yi odar miliyoyin tan fiye da abin da tashar jiragen ruwan Legas za ta iya saukewa. Ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, gwamnati na biyan kuɗin jira, siminti na daskarewa a cikin jirgi. Ranar 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da Janar Gowon. Janar Murtala ya hau, ya sallami ma'aikata kimanin dubu 10. Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe shi a kan titin Legas.

A wannan shekarar, a wannan garin, ƙarƙashin mulkin soja, mata biyu da ba su kai shekara 30 ba suka shiga ɗakin naɗar waƙa suka ce manya na wawure dukiya, talaka na mutuwa. Kada wani ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Shekara guda bayan haka, a Fabrairun 1977, kwanaki kaɗan da kammala bikin FESTAC, sojoji suka far wa gidan Fela suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Wannan shi ne yanayin da ake faɗin gaskiya a cikinsa a lokacin.

Shi ya sa nake kiran faifan shaida. Takardun gwamnati za su gaya maka gangar mai nawa aka sayar da kuma tan nawa na siminti aka yi oda. Ni ma'aikaci ne, na san yadda ake rubuta rahoto: a goge duk wani abu mai ƙaiƙayi, a bar lambobi tsaf. Amma yadda abin ya ji a jikin mutum, yadda uwa ke ji in ta ga motocin alfarma na wucewa ga yaro kwance a gefen titi, wannan ba ya shiga fayil. Mawaƙi ne ke ɗaukar sa. In mawaƙiyar mace ce kuwa, takan hango lungun da maza ba sa leƙawa.

To me ƙasar ta yi da waɗannan mata?

A wani fim na tarihi mai suna Konkombe, wanda Bature Jeremy Marre ya ɗauka a kan kiɗan Najeriya a ƙarshen shekarun 1970, an nuno su suna atisaye, ga yara a gefe suna kula da su, suna kuma kokawa a kan yadda kamfanin faifai ke mu'amala da mawaƙa. Ba su kaɗai ba ne, Fela ma sai da ya yi rigima da Decca a kan kuɗinsa. A shekarun 1980 suka koma Amurka da zama. Can Kehinde ta faɗi ta ji mummunan rauni a ƙashin baya, suka ɓace daga fage shekara da shekaru, Taiwo na jinyar 'yar uwarta. A gida kuwa aka manta da su. Faifan garmaho ya ba kaset wuri, kaset ya ba CD wuri, babu wanda ya ɗauki waƙoƙinsu ya tsallakar da su.

Su wa suka tuna? Masu tonon tsofaffin faifai na Turai da Amurka. Mawaƙin gambarar nan na Amurka, Nas, ya ɗauki wani yanki na Life's Gone Down Low ya ɗora waƙarsa a kai, ba tare da an ambaci masu ita ba. Wajen 2011 zuwa 2012 kamfanin Knitting Factory na New York, wanda shi ne kuma ya sake fitar da waƙoƙin Fela, ya sake buga faifansu huɗu. A 2014 suka sake hawa dandamali a Landan, a wani taron karrama William Onyeabor, wani ɗan Najeriyan da shi ma sai da Turawa suka tono shi. Kehinde ta rasu a New York a Nuwamban 2019, tana da shekara 71. A 2024 wani kamfanin Chicago mai suna Numero Group ya sake fitar da Horizon Unlimited tare da haɗin kan Taiwo. A tsakanin nan, Ayra Starr ta gina waƙarta Sare a kan Orere Elejigbo ta su Lijadu, miliyoyin matasa suka yi rawa da ita, da yawansu ba su san daga inda aka ɗebo ba.

Ku duba jerin nan da kyau: New York, Landan, Chicago. Ina Legas? Ina Abuja? Ɗan Najeriya da ke son ya riƙe faifan Danger mai kyau a hannunsa yau, mafi sauƙi shi ne ya yi oda daga waje da dala. Ɗanyen mai muke fitarwa mu sayo tataccen fetur, mun yi shekaru muna wannan kuka. Ashe har waƙa ma haka muke yi da ita.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba.

Na farko zai ce: Malam, Yarbawa ne fa, waƙar ma yawanci da Turanci, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne kuɗin man da suke magana a kai na ƙasa ɗaya ne, simintin da ya daskare da kuɗin kowa aka saye shi, shugaban da aka kashe a shekarar kuma ɗan Kano ne. Amma ko an bar wannan, darasin ya fi shafar mu fiye da su. Faifan Lijadu ya tsira ne saboda kamfani ya buga shi a kan roba mai ƙarko, kwafi ya bazu har ƙasashen waje, kuma kiɗan ya yi kama da wanda kunnen Bature ya sani. Waƙar matanmu fa? Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana gaya wa mata su tashi su kama sana'a, da ƙwarya a gabanta, tun kafin ƙungiyoyi su fara shirya taron bita a otal a kan wannan magana. Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga ta. Magajiya Ɗambatta ta yi waƙar jan hankalin iyaye su sa yara a makaranta, amma a ƙarshen rayuwarta, ga makanta ga tsufa, sai da jama'a suka yi mata karo-karo a kafafen sada zumunta kafin ta rasu a 2021. Ina asalin naɗin waƙoƙin waɗannan mata yake? A hannun wa? Wa ke karɓar kuɗin in an saurare su a YouTube? Abin da galibi ke yawo a wayoyinmu kwafin kwafin kaset ne, murya ta dusashe, babu shekara, babu sunan makaɗa, wani ma ya liƙa tallar shagonsa a tsakiya. Babu wani kamfanin Chicago da zai zo neman amada. In ba mu yi ba, shi ke nan.

Na biyu zai ce: ai kiɗa ma haramun ne, ka zo kana yabon mata mawaƙa. Wannan magana ce ta malamai, sun daɗe suna tattauna ta, ni ba malami ba ne, kuma ina girmama duk wanda ya zaɓi ya nisanci kiɗa saboda addininsa. Ban ce kowa ya je ya saurara ba. Amma adana tarihi daban, nishaɗi daban. A gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna akwai takardun Turawan mulkin mallaka cike da raini da ƙarya a kanmu, ba mu ƙone su ba, saboda sai da su za mu san abin da ya faru. Sannan batun haƙƙi ba ya buƙatar ka so sana'ar mutum. In wani ya ci gumin wata mata, ya sayar da muryarta bai ba ta ko sisi ba har ta mutu a wahala, zalunci ne, kuma ban san wani malami da ya halatta zalunci don wanda aka zalunta mawaƙi ne ba. Mu da muke kiran mata mawaƙa zuwa bikin 'ya'yanmu mu yi musu liƙi, washegari kuma mu kira su da sunan banza, ya kamata mu tsaya mu dubi kanmu.

Na uku zai ce: ana fama da tsadar abinci da 'yan bindiga, kai kana maganar tsohon faifai. Gaskiya ne, yunwa ta fi gaggawa. Sai dai abin da faifan ke magana a kai ke nan. Kusan rabin ƙarni da ya wuce wasu sun ce ga haɗari nan tafe, kuɗi na shigowa amma rayuwa na yin ƙasa. Duk tsarar da ta taso sai ta ɗauka a kanta aka fara, saboda babu wanda ya ajiye mata muryar waɗanda suka gabace ta. Sai a yi ta ce mana da can komai lafiya lau, zamanin nan ne ya lalace. Danger ta ƙaryata wannan. A daidai lokacin da ake kira zamanin arziki, naira ta fi dala daraja, ga mata biyu na kukan yunwar talaka. Matashin da ya ji wannan zai gane cewa yawan kuɗin da ke shigowa bai taɓa zama maganin ba, yadda ake raba su ne. Wanda bai san inda ruwa ya fara dukansa ba, da wuya ya san inda zai fake.

Akwai kuma agogo da ke tafiya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, amma shi naɗin sautin shekara 50 ne daga fitowarsa. Ku lissafa da kanku daga 1976. Duk faifan da aka naɗa a shekarun 1970, na Legas ne ko na Kano, lokacin da masu shi ko magadansu za su ci moriyar naɗin yana ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Su kuma faya-fayan zare da gidajen rediyo suka naɗi mawaƙa a kai, ba sa jiran doka. Zafi da laima da ƙura na cin su a hankali, kuma in zare ya mutu, muryar ta tafi ke nan har abada.

Abin yi ba ya buƙatar sabuwar ma'aikata ko kwamitin mutum 40. Rediyon Kaduna tun 1962 yake naɗar mawaƙan Arewa, gidajen rediyon jihohi ma haka. A fara da ƙirga abin da ke cikin ɗakunan ajiyarsu, a rubuta sunan mai waƙa da shekara da makaɗa, a juye su zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, misali Gidan Arewa da ke Kaduna da sassan nazarin harsunan Najeriya na jami'o'inmu irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na motocin rakiyar babban mutum ɗaya ba. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ta sauko ta yi wa iyalan tsofaffin mawaƙa bayani da Hausa a rediyo: ga haƙƙinku, ga yadda ake rajista, ga inda za ku kai ƙara. Attajiranmu da ke kashe miliyoyi a biki ɗaya, ɗayansu kaɗai ya isa ya ɗauki nauyin tattara waƙoƙin Barmani gaba ɗaya cikin tsari, da yardar iyalanta, kuɗin kuma ya riƙa shiga hannunsu.

Mu ma 'yan ƙasa akwai namu. In akwai kwalin tsofaffin kaset a ɗakin Hajiya ko a shagon Baba, kada a zubar, kada a bar wa yara su yi wasa da zaren. In ka ɗora tsohuwar waƙa a shafinka, rubuta sunan mai ita. Matasanmu masu waƙa kuma, in kun ɗebo daga rijiyar wata tsohuwa, ku faɗi sunanta, ku nemi 'ya'yanta ku ba su rabonsu. Yaba kyauta tukwici.

Taiwo da Kehinde sun yi nasu. Sun ga abin da suka gani, sun faɗa a lokacin da faɗar ke da haɗari, sun kuma faɗa da daɗin da ya sa har yau ana saurare a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Udoji ba. Ɗayarsu ta mutu a ƙasar mutane ba tare da ƙasarta ta ce mata sannu ba. Tambayar da ta rage tamu ce: muryoyin iyayenmu mata da ke kwance a cikin zare da kaset, za mu tashe su da hannunmu, ko za mu jira jikokinmu su tambaye mu mu ce ai da akwai?

Wanda ya san inda wata tsohuwar ajiya take, ta rediyo ce ko ta gida, don Allah ya yi magana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon riƙe amana.